Makiyayar da Tanko Ya Ƙone

Yaya Sani,

Gaisuwa daga Guangzhou ta ƙasar Sin. Yaya jiki, yaya iyali, yaya ƙafar Inna?

Jiya a wani tudun shan iska na jama'a na karya reshe zan yi asuwaki, tsohuwar da ke kula da wurin ta wanke ni tas. Reshe ɗaya fa. Ina saukowa saƙonka ya iso, wai maƙwabcinmu Tanko ya cinna wa makiyayar garinmu wuta saboda farautar gafiya, sabarar da Baba ya mutu yana karewa ta zama toka.

Ban yafe ba. Ka ɗebar min tokar a buhu, gaban mai gari zan zazzage masa ita a ka.

Ku sa ni a addu'a. A gaida Inna da yara. Tanko kuwa, a ce masa ina tafe.

Ƙaninka,
Habu