Kwallin da na sa wa 'ya'yan kyanwarki

Assalamu alaiki, Hajiya. Ina gaishe ki gaisuwar mai rai ga wadda ta riga shi, da fatan kabari ya yi miki sauƙi fiye da yadda gidan nan na Sheshe ya yi mini tun da kika bar shi.

Kyanwarki ta haihu. Huɗu ta zuba a ƙarƙashin gadonki, cikin kwandon tsummokaranki. Kin san ban taɓa son dabbar nan ba, fata nawa ta ɓata mini a wajen dukanci, ke kuma kullum kina kare ta. Amma ban kore ta ba, don taki ce.

Shekara arba'in kina fama da kyanwoyi a ɗakin nan, ban taɓa leƙa jaririn ko ɗaya ba. Na durƙusa na dube su. Ido a rufe gam, kunne a liƙe da kai, ga cibiya na reto. Ba sa tafiya, sai jan ciki suna lalube. Cibiyar ta faɗi da kanta, idon kuwa shiru. Kwana biyar, na ce makafi ne.

Sai na tuna shekarar da na yi ciwon ido, kika zaunar da ni kika sa mini kwalli. Na ɗauko tandunki. Na kama biyu, na buɗe musu ido da yatsa, na zizara. Da niyyar alheri na yi, Allah ne shaida.

Kafin la'asar uwar ta kwashe biyun da ban taɓa ba, ta haura katanga da su gidan maƙwabta. Nawa ta bar mini. Idonsu ya kumbura yana kwantsa. Ɗaya ya mutu ranar Laraba.

Ƙanwarki Binta ta zo daga Gwammaja, ita da ba ta tako gidan nan ba tun sadakar arba'in. Ta ce ai haka ake haihuwarsu, idon da kansa yake buɗewa bayan mako guda da 'yan kwanaki, ba a taɓa shi. Ta dube ni ta ce, "Malam, kai da ba ka tambaya, wa zai gaya maka?" Na ce ta kama hanya. Wa zan tambaya? 'Ya'yanki da sai a waya? Ke ma da laifinki, Hajiya. Kin san duk wannan, ba ki taɓa kirana kin nuna mini ba. Ko da yake na san da kin kira, tsaki zan yi.

Kafin ta fita ta ce ɗan da ya rage ba ya iya fitsari da kansa, sai uwa ta lashe masa ciki. Yanzu ni ne a madadin uwar. Ina jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ina shafa masa, ina ɗiga masa madara da auduga.

Yau kwana goma sha shida. Na leƙa ta kan katanga na ga 'yan'uwansa. Idonsu ya buɗe tar, shuɗi-shuɗi, kunnuwa sun fara miƙewa, suna rarrafe suna faɗuwa a kan uwar. Nawa bai kai rabinsu ba. Sau biyu ina kai mata shi, ta shinshina ta juya baya.

Tun asuba ya daina kuka. Yana cikin aljihun rigata yanzu, ina jin numfashinsa kaɗan-kaɗan, madarar kuma tana dawowa ta gefen baki. Ba na jin zai kai Juma'a.

Abu ɗaya kika bari mai rai a ɗakin nan, ga abin da na yi wa zuri'arta. Ki yafe mini, Hajiyata. Ban iya faɗin haka ba kina da rai.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sa kin huta. Shi kuma wannan, in ba mai tashi ba ne, Allah Ya sauƙaƙa masa tafiyar.

Mijinki,
Malam Ado Baduku