Katin Asibitin Rabi

Daren Laraba, 12 ga Safar, unguwar Misfala, Makka

Likita ta ce in matata Rabi ta sake ɗaukar ciki yanzu, ɗinkin tiyatar haihuwar da aka yi mata zai iya fashewa. Ta rubuta maganin tazarar haihuwa, ta ce doka ta wajabta wa inshorar wurin aikina ta biya.

Bakina ba ya riƙe magana, na gaya wa Alhaji, kafilina, mai shagon da nake aiki, wanda ya tsaya mini a ƙasar nan. Ya ajiye carbi ya ce, “Yaro, hukuma ta tilasta mini yankar katin inshorar, ba ɗaukar zunubi ba. Ranar da aka karɓi abin nan da sunan shagona, nemi mai sabunta maka iƙamar zama a ƙasa.”

Na ce, “Baba, malamai sun halatta, da idona na karanta.”

Ya ce, “Su za su shiga kabarina?”

Ni da ake faɗa wa ɗaya in mayar da goma, ko haushin ma ban ji ba. Muka yi isha'i kafaɗa da kafaɗa, ya ba ni dabino in kai wa Rabi.

Tana ci ta ce, “Me ya ce?”

Na ce, “Yana gaishe ki.”

Katin na aljihuna. Gobe kantin magani zan fara biyawa, sannan shago.