Baƙin Yadi a Tagar Tarauni

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
Litinin

Yaya Ɗahiru,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya ƙafar taka? Allah ya ƙara sauƙi. Takarda na zaɓa domin in na kira ka a waya za ka ce ƙanwarka na ɗaga maka murya, ka kashe.

Ina cikin aji labari ya same ni. An ce ka tara matasan layinku kun ɓalle ƙofar ɗakin yaron nan, kun yage baƙin yadin da ke taga, kun fasa jan ƙwan fitila, kun sheƙa wa ɓerayensa tafasasshen ruwa. Wai tsafi yake yi.

Yaya, na yi furfura ina koyar da ilimin halittu, kuma daga Tarauni zuwa nan tafiyar ƙafa ce. Me ya hana ka tambaye ni? Kowane mai rai yana da agogo a jikinsa, mai gaya masa lokacin barci da na tashi, kuma akwai ƙwayoyin gado da ke juya agogon. Fararen ɓerayen nan na jami'arsu ne, an taɓa waɗannan ƙwayoyi a jikinsu tun kafin a haife su. Yajin aiki ya bar ɗakin bincike ba wuta, shi ya sa malaminsa ya yarje masa ya kawo su ɗakinsa mai sola. Aikinsa shi ne ya lura da halinsu. Wasu ba sa barci, sai zirga-zirga kamar ba su san tsoro ba. Wasu kuma su maƙale a lungu, ko fili ba sa iya ratsawa. Baƙin yadin don ya tsara musu haske da duhu ne, jan ƙwan kuwa don ɓera bai cika ganin jan haske ba. Tsafin ke nan gaba ɗayansa. Digirinsa na biyu ne kuka dafa.

Na san ɗan fari ne, kai aka ba riƙonsa tun yaye. Ban taɓa sa baki a sha'aninsa ba, ko sunansa ban taɓa kamawa ba, saboda kara. Yau ma roƙo nake yi: ka ba shi haƙuri.

Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Saudatu

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
Alhamis

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka domin iyayenmu sun koya mini gaisuwa, ba don zuciyata ta so ba. Ya jiki?

Haƙuri na ce ka ba shi, sai ka ba shi mari. Ruth, nas ɗin nan 'yar Filato da ke maƙwabtaka da ku, ita ta zo ta faɗa mini. Ta ce tun da aka kashe ɓerayen ya daina barci, ya daina cin abinci, yana zaune gaban kejin da ba komai a ciki yana kuka. Kai kuma ka ce ga shaida, aljanun da yake bauta wa sun juyo kansa. Ka sa aka tura shi cikin adaidaita zuwa gidan wani Malam Lawan a bayan Daurawa, inda ake ɗaure yara.

Jiya na je. Ba su bar ni na shiga ba, wai sai wanda ya kawo shi. Na leƙa ta taga. Ƙwan fitila ne fari fat a tsakiyar ɗakin, mai gadi ya ce ba a kashe shi dare da rana don kada su kwance ƙarfen da ke ƙafafunsu. Na karanta takardun da yaron nan yake nazari, Yaya. Ɓeran da aka hana shi duhu, agogon jikinsa rikicewa yake yi, ya koma matsoraci ko ya yi lakwas kamar ya gaji da duniya. Ban ce mutum ɓera ne ba. Amma abin da shi ba ya yi wa dabba sai da izini da lissafi, kai ka sa ana yi masa da sunan magani.

Ba na musun cewa ba shi da lafiya yanzu. Likita yake bukata, da barci. Ka je ka ɗauko shi kafin a sauko daga Juma'a. In ba ka je ba, ni zan je.

Ƙanwarka,
Saudatu

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
Asabar

Yaya Ɗahiru,

Assalamu alaikum. Da fatan ka tashi lafiya. Mu ma mun tashi, mu biyu.

Ba ka je ba. Na tafi da Ruth. Malam Lawan ya fara yi mini wa'azi a kan biyayyar mace ga yayanta, na ce masa daga nan ofishin 'yan sanda zan wuce, ya ƙarasa wa'azin a can. Nan take ya tuna inda mukulli yake.

Ya buɗe ɗakin, ya ce wanne ne nawa. Samari ne jere, an aske su ƙwal, kowa ya kifa kai a gwiwa yana ɓoye ido daga fitilar. Na ce yaron nan na Tarauni. Babu wanda ya motsa, ai kowannensu yaron wani ne. Sai na kira sunansa da ƙarfi, har mai gadi ya waigo.

Ya ɗago kai a hankali. Bai taɓa jin sunan daga bakina ba tun da na haife shi. Ya dube ni kamar baƙuwa, sannan ya rarrafo da ƙarfen a ƙafarsa.

Likita ya gan shi, ya ce za a daɗe. Digirin kuwa sai abin da Allah ya yi. Yana ɗakina yanzu. Bayan isha'i ina kashe masa fitila, da hantsi in buɗe taga.

Na gode da riƙo, amma ya ƙare. Ka aiko da littattafansa da kejin. Kada ka zo dubiya sai shi ya nema.

Ka gaida iyali.

Ƙanwarka,
Saudatu, uwar Nura