Wayar Dogo

Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Umma? Allah Ya ƙara sauƙi.

Yaya, raina a jagule yake. Kin san aikina, duk wayoyi da kwamfutocin kamfaninmu daga teburina nake sarrafa su. Ni ke sa musu makulli, ni ke hana a saka abin da ba a yarda da shi ba. Ƙa'ida ce kuma, wanda aka cire daga cikin ma'aikata, da wayarsa ta hau intanet sai ta goge kanta tas.

To, direbanmu Dogo ya rasu, mai tsokanata da Hajiyar Makulli. Aka cire sunansa, umarnin gogewa ya fita. Wayar tana gidansa a kashe. Jiya matarsa ta zo, ta zauna a bakin kujera, ta ce in ya yi tafiya mai nisa yakan naɗi muryarsa yana yi wa 'yarsu waƙa, duk waƙoƙin suna cikin wayar. Na roƙe ta kada kowa ya kunna. Ni kaɗai ba ni da ikon janye umarnin, sai manaja ya amince, shi kuma ya ce akwai bayanan abokan ciniki a ciki, sai ya tuntuɓi na sama. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa, da fatan kowa lafiya.

Amincewar ta zo yau da hantsi. Nan take na buɗe kwamfuta, sai na tarar da koren rubutu gaban lambar wayar: an kammala gogewa. Ashe yarinyar ce ta ciro ta daga cikin kaya, ta sa caji, ta kunna don ta ji babanta.

Uwar ta dawo da wayar a naɗe cikin ɗankwali. Ba ta yi min faɗa ba, Yaya, har godiya ta yi. Da ma zagina ta yi! Manaja ya yarda daga yanzu a riƙa dakatar da goge wayar mamaci, amma hakan bai dawo da komai ba.

Na tambaye ta yarinyar. Ta ce ba ta yi kuka ba, tana dai ta tambaya ko Baba fushi ya yi da ya ƙi magana.

Ki gaida Umma, kada ki faɗa mata.

Taki,
Auta