Shafukan Ejnar

Lemvig, 9 ga Oktoba

Zuwa ga yayata Thyra,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙugun naki? Kina yin tattakin da likita ya ce, ko kina nan zaune bakin taga kina sa wa maƙwabta ido? Ki gaida ɗanki Karsten da matarsa da yaran. Na koma rubuta miki takarda ne saboda waya ba ta yi mana rana. Ni ina ihu, ke kina cewa "me?", maganar da nake son yi kuwa ba ta ihu ba ce.

Kin tambayi wane irin aiki ne ya hana mu zuwa wajenku a tsibiri bana. Tsofaffin littattafan kotun yankinmu ne, na wajen shekara ɗari biyu, aka ɗauki hotonsu shafi-shafi aka zuba a kwamfuta. Amma hoto ne kawai, ba mai iya karanta shi sai wanda ya san tsohon rubutun nan mai ƙugiyoyi, irin na wasiƙun kakarmu. Mu 'yan sa-kai sai mu kwafe kowane layi da haruffan yanzu, yadda yake, har da kuskuren mai rubutun. Daga nan a haɗa hoton da kwafin a ba na'ura ta yi ta dubawa, har ta koyi karatun da kanta. Duk Talata muna haɗuwa a ɗakin baya na laburare, tsofaffi zalla, da gahawa da biredin kirfa. Sauran aikin kowa a gidansa yake yi.

Maigidana Ejnar ne gwaninmu. Viggo, tsohon direban bas ɗin nan mai bakin tsiya, cewa yake ba abin mamaki ba ne, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kantin magani yana karanta rubutun likitoci ai ko tafiyar kaza a kan yashi zai karanta. Akwai wani magatakarda da rubutunsa ya gagari kowa, shi aka bar wa Ejnar. "Mutumina" yake ce masa. Wai da safe mutumin kirki ne, bayan abincin rana kuma sai layukansa su fara gangara. Shekara uku ke nan suna tare. Ni nawa duba abin da ya kwafa ne kafin a tura.

Thyra, ba aikin ne ya hana mu zuwa ba. A watan Yuni na kai Ejnar asibiti, bayan ya fita sayen baƙin burodi ya tsaya a bakin tashar jiragen ruwa bai san hanyar gida ba. Sun yi gwaje-gwajensu, sun ce ciwon mantuwa ne, kuma gaba zai yi ta yi. A mota ya roƙe ni kada in gaya wa kowa tukuna. Ya ce, "Bari in gama da mutumina, Rigmor. Saura littafi ɗaya. Daga nan ki gaya wa duk garin."

Makon jiya ina duba shafinsa, shari'ar wata gwauruwa da aka ce ta kwashi katako daga jirgin da ya farfashe a gaɓa. Sunanta Maren, a fili yake ko ni na gani. Ejnar ya rubuta Petrea. Sunan mahaifiyarsa ke nan. Na gyara ba da saninsa ba, na sa masa abinci.

Na gaya miki ne don cikina ya kasa riƙewa. Kada ki faɗa wa Karsten.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Rigmor


Lemvig, 12 ga Disamba

Yayata Thyra,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya sanyi a wajenku? Nan iskar teku ta hana mu sakat. Safar da kika saƙa ta iso, Ejnar yana sanye da ita yanzu haka, ya ce in yi miki godiya.

Abin ya ƙaru. Ba suna kaɗai ba ne yanzu. Sai ya fara layi daidai, a tsakiya ya kauce ya rubuta abin da ke kansa. A shari'ar satar dinya na tarar da sunan wani maganin tari. Na yi ta bin shafukan ina gyarawa, amma kin san ni, rubutun mutumin nan ya fi ƙarfina. Inda na kasa sai in yi canke.

Talatar da ta wuce Signe ta zo. Ita ce yarinyar da ke kula da aikin daga birni, sa'ar jikarki, mai ladabi. Da aka tashi ta ce in taya ta wanke kofuna. Muna wankewa ta ce na'urar ta daɗe tana ƙwarewa a rubutun magatakardan, sai kwanan nan ta soma komawa baya. Ta bi diddigi, ta ga daga shafukan Ejnar ne, tun daga bazara. Ba ta kalle ni ba ta ce, "Rigmor, lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Na gaya mata. Na kuma roƙe ta ta bar shafukan yadda suke. Na ce mutanen nan sun mutu tun tuni, wa zai cutu don an kira Maren da Petrea? Ta ce, "Na'urar ba ta san ƙarya ba. Abin da muka koya mata shi za ta maimaita a littattafan da ba wanda zai sake dubawa. Wata rana jikar jikar Maren za ta zo nemanta, ba za ta same ta ba." Raina ya ɓaci, na ce mata ita na'ura ta sani, ni miji gare ni. Idonta ya kawo ruwa. Na ji kunya, don yarinyar ba ta yi mini komai ba.

A ƙarshe ni na kawo shawara. A ci gaba da ba shi shafuka yana kwafa, amma kada su shiga cikin na koyarwa, a ajiye su gefe, shi kuma kada ya sani. Signe ta ce ba ta so, amma ta yarda saboda ni.

Ki gane, Thyra, da safe idan ya zauna gaban kwamfutar nan ya gyara tabarau, mijina ne sak. Yana dariya shi kaɗai, yana cewa, "Kai mutumina, yau ma ka sha." Da ya tashi daga wurin sai ya tsaya tsakiyar ɗaki yana neman abin da bai san sunansa ba. Ta yaya zan ƙwace masa wannan kujerar?

Ki gaya mini gaskiya, kin saba. Allah ya kai mu Kirsimeti lafiya.

Taki,
Rigmor


Lemvig, 20 ga Fabrairu

Yayata Thyra,

Ina fatan kina lafiya, tarin kuma ya sake ki. Ki yafe mini shirun da na yi. Fushi nake da ke, kin kuma sani. Kin rubuto cewa Ejnar ba yaro ba ne da za a ba shi tukunyar wasa yana tuƙa ƙasa. Na jefa takardar a aljihun tebur na ce ke me kika sani, mijinki a barci ya tafi da hankalinsa cif. Ban bi maganarki ba. Ga yadda ta ƙare.

Akwai ranakun da yake wayewa garau kamar ba abin da ke damunsa. A irin wannan rana, farkon watan nan, ina fere dankali ya kira ni. Ya buɗe wani shafi da ya kwafa a Janairu, hoton a hagu, nasa a dama. Ya ɗora yatsa ya ce, "Wa ya rubuta wannan shirmen?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Sunana ne a kai." Ya buɗe na gaba, da na gaba. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "An tura waɗannan?" Na ce a'a, na gaya masa duk abin da muka ƙulla da Signe. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya cire tabarau ya ce, "To na kafin Disamba fa?" Na ce suna ciki, Signe na ta tsince su sannu a hankali. Ya ce, "Goge mini rigata mai ruwan toka. Gobe Talata."

Thyra, da kin gan shi. Ya bari kowa ya zuba gahawa, ya miƙe tsaye ya riƙe bayan kujera. Ya rubuta abin da zai faɗa a 'yar takarda don kada ya ɓace masa, amma bai duba ba. Ya ce, "Jama'a, kaina ya fara yoyo. Likita ya tabbatar tun Yuni, na ɓoye muku. Duk shafin da na yi daga Yuni zuwa yau a cire shi, kada a tsaya tsinta. Ban yarda da ko ɗaya ba." Signe ta ce akwai masu kyau da yawa a ciki. Ya ce, "'Yata, a kantina idan na yi shakkar kwalba ɗaya, duk jerin nake zubarwa. Cire."

Ni ina kallon tebur. Can sai Viggo ya ce, "To, sai me? Ni tun da aka haife ni kaina ke yoyo, ba wanda ya kira taro." Aka yi dariya, har da masu share hawaye. Ya ce, "Zauna, boka. Idonka ai bai mutu ba. Kai ka karanta da baki, ni in buga. In ka saki hanya in taka maka birki."

Haka suke yi yanzu, Talata a laburare, Juma'a a gidanmu. Sun koma kan shafukan da aka cire, daga farko. Abin mamaki, da baki ya fi tsayawa a kan layi. Idan ya kauce sai ka ji Viggo ya ce, "Ina kuma za ka kai mu? Nan kotu ce, ba kanti ba." Ejnar ya ce, "Rufe mini baki, kai da ka shekara talatin kana zagaya hanya ɗaya." Wata rana su yi rabin shafi, wata rana layi biyar. Duk abin da suka yi sai mutum biyu sun sake dubawa, shi da kansa ya sa wannan sharaɗi.

Ni bai ce mini komai ba sai da muka dawo gida ran nan. Yana cire takalmi ya ce, "Na san don ni kika yi. Amma nan gaba abubuwa da yawa za ki riƙa yanke mini, ba yadda za a yi. Wanda zan iya ji, ki bari in ji." Na ce to.

Kin yi gaskiya. Kada ki saba jin haka daga bakina.

Ƙanwarki,
Rigmor


Lemvig, 28 ga Mayu

Yayata abin ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina gaida Karsten da iyalinsa. Yaya ƙarfin jiki? Nan rana ta fara daɗewa, itacen tuffa na bayan gida ya yi fure.

Ba su gama littafin ba. Sun maido da mafi yawan abin da aka cire, sai bayan bikin Ista karatun ya tsaya. Ba a hankali ya tafi ba. Wata Juma'a Viggo ya buɗe shafi, Ejnar ya kalla ya kalla, ya juyo ya ce, "Wane yare ne wannan?" Viggo ya ce, "Yaren mashaya ne, rabu da shi," ya rufe kwamfutar. Da na raka Viggo ƙofa ya kasa sa hannu a rigar sanyinsa, sai da na taimaka masa.

Sauran shafukan na'urar ce ta karanta. Signe ta ce da aka cire gurɓatattun aka sa sababbin, ta dawo hanya, yanzu a rubutun magatakardan nan kuskurenta kaɗan ne, mu muke bi muna gyarawa. Akwai wasu littattafansa a wani gari da ba wanda ya taɓa iya karantawa, su ma an fara. Ta zo har gida ta gaya wa Ejnar. Ya tashi ya ba ta hannu, ya saurare ta da kyau, ya ce madalla. Da ta tafi ya tambaye ni ko 'yar fasto ce.

Viggo bai daina zuwa Juma'a ba. Yanzu shi ke karanta masa shari'o'in, yana ƙara gishiri, Ejnar na dariya ko ya gane ko bai gane ba. Ni ma ina zuwa Talata idan mai jinya ta zo ta zauna da shi. Ba na iya da yawa, amma inda ban gane ba yanzu alamar tambaya nake sawa.

Dare ba ya barci sosai, ni ma haka. Ma'aikatan jinya sun fara yi mini maganar gidan kula da tsofaffi. Na gaya masa, ranar da ya ɗan waye. Ya ce a bari tuffa ta nuna.

Thyra, na san jirgin ruwa da jirgin ƙasa wahala ne da wannan ƙugun naki, ban taɓa roƙonki ki zo ba. Yanzu ina roƙo. Karsten ya kawo ki, na gyara ɗakin ƙasa don kada ki hau bene. Jiya muna cin kifi ya ajiye cokali ya ce, "Ina Thyra? Ta daɗe ba ta zo ta yi mana faɗa ba." Da sunanki ya faɗa, bai yi lalubensa ba. Kada ki jira Agusta, lokacin nunar tuffa.

Ƙanwarki da ke duban hanya,
Rigmor