Ƙarfen da Ka Kulle Injin Faifai da Shi

Zuwa ga aminina Hamma Sali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinka. Na san babu mai kai maka wannan takarda. Amma tambayar da ke cina kai kaɗai ke da amsarta, shi ya sa na rubuto.

Unguwarmu Luggere tana nan yadda ka bar ta, sai dai sa'anninmu sun ƙare. Matarka Adda Hajara ta koma wurin 'yarku a Damare. Ni kuma gwiwoyi sun hana ni zuwa ko'ina sai masallaci. Ɗanka Aminu zai zuba 'yan haya a ɗakin baya, har ya yi magana da masu sayen gwangwan su zo su kwashe tsohuwar kwamfutarmu daga ciki, wadda muka yi wa hidima a ofis tun muna samari, ka ɗauko ta ranar da aka jefar da ita. Na roƙe shi. Ya ce in ta tashi zai bar mata zaure, in ba ta tashi ba to ƙarfe ce, ni Bappansa in yi haƙuri.

Ita kwamfutar ta kama. Injin faifan da take ajiye bayanai a ciki ne ya ƙi. Faifai yana juyawa, ƙarar nan da ka sani tana hawa, sai a ji ƙas, jar fitila ta kunnu. Hannun da ke karanta faifan ko motsi ba ya yi.

Da farko Aminu na zarga. Yana tsaye bakin ƙofa yana duba wayarsa, kamar wanda ya san ƙarshen zancen. Na bi fis-fis ɗin wuta da mitar gwaji, na bi wayoyi, ban ga inda aka taɓa ba. Sai zargina ya koma kan 'yan gudun hijirar da ka saukar a ɗakin, shekarar da garuruwan da ke arewa da mu suka faɗa hannun mahara. Na ce ko yaransu sun cusa wani abu. Allah Ya yafe mini, gidan zanzaro kawai na tarar a matatar iska. Na share, na ɗame bel, na sake kunnawa. Jar fitila.

Sai da na cire murfin baya na haska tocila, sannan na gan shi. Ɗan ƙarfen nan da ake kulle hannun da shi in za a ɗauki injin a mota, an juya shi, an ɗaure tamau. Tsatsa ta riga ta ci kan sukurun, ba aikin bana ba ne. Kuma a duk Jimeta mutum biyu ne suka san da wannan ƙarfe, ni kuwa ban taɓa shi ba.

Ina jan ƙyallen, Hamma? Tun a ofis ƙa'idarmu ce, wanda ya kulle hannu ya ɗaura jan ƙyalle a ƙofar injin don kada ɗan'uwansa ya kunna. Kai ne mai yi wa mutane faɗa a kan haka. Ba ka taɓa mantuwa ba. Ashe ba ka so in gani ne?

Ba a kulle shi sai za a yi tafiya. Yaushe ka yi shirin tafiya? Na tuna lokacin da motoci ke bin hanyar Numan da katifu a sama, kowa na cewa saura Yola. A kan tabarmarka ka ce mini ko kowa ya watse kai kana nan. Saboda maganarka na mayar da motar da 'yata ta aiko mini daga Jalingo, ta yi fushi da ni har ta daina kira. Tun daga lokacin ba ka sake kunna kwamfutar ba. Ka ce man janareta ya yi wuya, na yarda.

Na zuba wa sukurun kananzir, na kwance shi da ƙyar. Da na kunna, hannun ya fito a hankali, farar fitila ta kama. Aminu ya daɗe yana kallonta, sannan ya fita ya sallami masu gwangwan. Za ta zauna a zaure.

Ya kamata in yi murna. Amma jiya na gwada ɗaga gefen injin, ko gezau. Ko muna da ƙarfinmu, mutum ɗaya bai taɓa ɗaukarsa ba. To wa ka shirya zai kama maka ɗaya gefen? In ni ne, me ya hana ka faɗa mini? In ba ni ba ne, wane ne?

Ka huta lafiya. Sukurun yana aljihuna, ban mayar da shi ba.

Naka, wanda ya zauna saboda ka ce za ka zauna,
Umaru