Sandar da Baba Yake Son Mayarwa

Litinin, 8 ga Yuli, 2024
Baba ya sake fita. Na dawo daga ofis na tarar da ƙofa a buɗe, babu shi, babu sandar. A unguwar Abbare aka tsince shi, a bakin titi, babbar rigarsa duk taɓo. Na ce Baba ina za ka? Ya ce, "Zan kai wa Baffa sandarsa, ya manta ta." Baffa mahaifinsa ne. Ya rasu tun Baba bai fara zuwa makarantar allo ba, yanzu kuwa Baba ya haura tamanin.

Alhamis, 11 ga Yuli
Likita ya ce mantuwar tsufa ce, ba ta komawa baya. Ya ce a sa ido. Da wane idon? Ni kaɗai ce a gidan.

Yau na ɗauki sandar na dube ta sosai, karon farko. Gora ce, ta yi baƙi saboda hannu, an naɗe kanta da jar fata, gindinta da ƙarfe. Labarin da muka taso da shi: Baffa ya zo daga Zariya da jakunansa yana fataucin tufafi, sai aka kwashe maza aikin tilas na fasa hanya a zamanin Turawa, har da shi. Kwando a ka, ƙasa da duwatsu, tun safe. Ciwon ciki ya kashe shi a can, aka binne shi a gefen hanyar. Sandar kaɗai aka dawo wa kakata da ita. Ba wanda ya san kabarin.

Talata, 16 ga Yuli
Na yi masa tsawa. "Baffa ya mutu, Baba! Ya mutu!" Ya dube ni, ya fashe da kuka kamar yanzu aka faɗa masa. Gobe zai manta. Ni ba zan manta ba.

Asabar, 20 ga Yuli
Yaya Saifuddeen ya kira daga Yola, ya ce in sa kwaɗo in ɓoye sandar. Faɗa a waya ba wuya. Na yi dai. Tana bayan buhun masara.

Laraba, 24 ga Yuli
Ya daina cin abinci. Yana zagaya tsakar gida yana dafa bango, yana leƙa bayan randa. Ɗazu ya faɗi a bakin banɗaki, goshinsa ya fashe. Ina wanke jinin yana cewa, "Najiba, ƙafarsa ba ta da kyau, yaya zai dawo gida?" Sunana ya tuna. Ashe ya san ni, ya san ni ce na kulle shi.

Na mayar masa da sandar.

Lahadi, 28 ga Yuli
Ruwa tun asuba. Ban yi komai ba.

Asabar, 3 ga Agusta
Na kira Nehemiya mai keke napep, maƙwabcinmu nan unguwar Kachalla Sembe, na ce ya kai mu duk inda Baba ya nuna. Muka haye gadar Nukkai, ruwa ya cika ja wur. Baba yana nuni da sandar, gaba, gaba. Nehemiya ya kalle ta ta madubi ya ce, "Anti, kakana ma an ɗebe shi aikin fasa hanyar nan. Ya dawo ba yatsu biyu. Ya ce masu sanda mai ƙarfe, su ne suna tsaya a kan mutane." Sai ya ƙara da cewa, "Ko da yake ba dukansu ba." Ban taɓa tambayar abin da ya sa ɗan ƙwadago zai riƙe irin wannan sanda ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya.

Can bayan gari Baba ya ce a tsaya. Wata tsohuwar turba ce ta rabu da kwalta ta shige gonar masara, da duwatsu jere a gefenta, ciyawa ta rufe rabinsu. Ba kabari, ba alama. Ya taka a hankali har gindin wata ɗorawa, ya yi sallama, ya durƙusa ya jingina sandar. Ya daɗe yana magana ƙasa-ƙasa. Da zai tashi ya kasa. Ni da Nehemiya muka ɗago shi, ba nauyi ko kaɗan.

Na juya zan ɗauko ta, ya riƙe mini hannu da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Muka bar ta.

Laraba, 7 ga Agusta
Bai ƙara neman ƙofa ba. Yana kwance, fuska ga bango. Kunu cokali kaɗan. Yaya ya yi faɗa, wai kayan tarihin gidanmu na yar a daji, in koma in ɗauko. Na ce to. Ban je ba.

Juma'a, 9 ga Agusta
Na nemi hutu a ofis, ban faɗi ranar dawowa ba.

Bayan la'asar ina shafa masa man zafi a gwiwa, ya buɗe ido ya ce, "Inna, ya iso gida?" Inna kakata ce, ban ma taɓa ganinta ba. Na ji bakina yana cewa, "Ya iso, Hashim. Yana ciki yana hutawa." Tun da nake ban taɓa kiran sunan Baba ba.

Ya ce alhamdulillahi, ya nemi tuwo. Loma uku ko huɗu ya ci, ni na ba shi a baki. Ya yi barci hannunsa a kan zanina, ban janye ba har aka kira magariba.